Layin da Ya Raba Safiya da Uwarta

Har gobe ba zan manta da ranar Talatar da Hauwa ta zo ta zauna a bakin ƙofar ofishinmu ba, ta ƙi shiga, ta kuma ƙi tafiya. Ku da kuka zo aikin nan bayanmu kuna yawan tambayata me ya sa nake matsa muku a kan abin da ido ba ya gani a cikin fayil. Na ma ji an sa mini suna a bayan idona, wai Ustaza Duba-Ƙarshen-Layi. Na ji, ban kuma ji haushi ba. To yau ku zauna ku ji dalili.

A lokacin shekarata biyu da fara aiki, a wani ƙaramin ofishin rajista da ke kula da ƙauyukan bakin kogi a yankin Abu Hujar. Shugabanmu, wanda muke kira mudir, shi ne Ustaz Bashir, mutumin kirki amma mai tsoron Sinja, babban birnin jiharmu, kamar me, domin daga can umarni yake zuwa. Ƙarƙashinsa akwai magatakarda, Malam Haruna, dattijon Bahaushe wanda ya fara aiki tun zamanin tafireta, saura masa kaɗan ya yi ritaya. Sai direba. Sai ni, mai kula da kwamfuta, wadda ta fi kowa ƙanƙanta a muƙami, ta kuma fi kowa girman kai. Ba laifina ba ne duka. A ofishin nan ni kaɗai ce idan na'ura ta ƙi tashi ake tsayawa ana kallon bakina.

Ni ma Bahaushiya ce. An haife ni a wani ƙauye kusa da Hajj Abdalla, inda babana yake noman auduga da dawa a gonar ban ruwa. Amma tun ina shekara tara aka kai ni wurin gwaggona a birni saboda makaranta, Larabci ya danne mini Hausa. Ina ji sarai, ina kuma mayarwa, sai dai idan raina ya ɓaci ko ina son in nuna ni ma'aikaciya ce, Larabci ne yake fara fitowa.

Aikin da aka ba mu a shekarar shi ne rajistar yaran da aka haifa a gida, a hannun ungozoma, ba a taɓa yi musu takardar haihuwa ba. Ga wanda bai san yankin ba, takardar nan ba ƙaramin abu ba ce. Ba ita, shugaban makaranta ba zai rubuta yaro ba. Ga mutanenmu kuwa ta wuce maganar makaranta. Kakanninmu sun zo ƙasar nan a ƙafa, a hanyarsu ta zuwa hajji, suka zauna suka haƙa rijiyoyi suka binne iyayensu a nan, amma har yau ba a rasa mai tambayarka, “Ku daga ina?” Takarda mai hatimi ce take rufe wannan baki. An ba mu wa'adi: duk yaron da aka rubuta kafin a buɗe makarantu da farkon damina, shaidar ungozoma da ta shehun ƙauye ta wadatar. Wanda ya wuce wa'adin sai an kai shi Sinja an yi masa abin da ake kira tasnin, wato likita ya duba haƙoransa ya kintaci shekarunsa, a kawo shaidu, a yi kwanaki ana zirga-zirga. Manomin da ruwan shuka ya sauka masa ba shi da waɗannan kwanaki, kuma idan yarinya ce, yawanci sai a ce a bari sai baɗi. Baɗin kuwa ba ta cika zuwa ba.

Ga yadda muka tsara aikin. Malam Haruna zai ɗauki kwamfutar hannu ya tafi ƙauye da direba, ya zauna a rumfar shehu, iyaye su yi layi. Ni na rubuta manhajar da yake amfani da ita, da hannuna, kuma ina ji da ita. Duk abin da ya shigar yana tafiya cikin fayil ɗaya na rubutu zalla, ba ado. Kowane yaro layi ɗaya ne, kowane layi kuma gurbi bakwai, waƙafi na raba su: lamba, ƙauye, sunan uba, sunan uwa, shekarar haihuwa, sunan yaro, sai alamar magatakarda a ƙarshe. Idan ya danna “ajiye”, manhajar ta buɗe fayil, ta je can ƙarshensa, ta ƙara sabon yaro, ta rufe. Ba ta taɓa na sama, kamar mai jera buhunan dawa, sabo a bayan na ƙarshe. Ranar Alhamis a zuba fayil a filashi, mota ta kai Sinja. A can tasu na'urar tana karanta layi-layi. Duk layin da ta ƙirga gurbinsa bakwai ta buga masa takarda. Wanda bai cika ba ta tsallake shi, ba ta gaya wa kowa.

Akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe. Idan ka danna Enter, kai gani kake ka sauka ƙasa kawai. Ita kwamfuta harafi ta rubuta, kamar alifi ko ba, sai dai ba ya fitowa a fuskarta. Ma'anarsa: layi ya ƙare a nan. Na san wannan tun ina makaranta, na ci jarrabawa a kansa. Amma da na zo yin akwatin da ake rubuta sunan yaro, sai na yi shi da faɗi don dogon suna ya samu wuri, na bar shi yana karɓar layi fiye da ɗaya. Abin da aka zuba a ciki kuma, haka nake ɗauka in ƙara a fayil, ban wanke ba, ban duba ba.

Wani abin dariya, na tuna cewa matanmu ba sa faɗin sunan miji. Saboda haka na sa aka karɓo sunayen magidanta daga wurin shehunan ƙauyuka, na zuba su tun da wuri, Malam Haruna zaɓa kawai yake yi. Na yi ta yabon kaina a kan wannan dabara har Ustaz Bashir ya gaji da ji.

Kashin farko na takardu ya dawo daga Sinja, aka raba, aka yi murna. Sai ƙorafi ya fara zuwa ɗaya-ɗaya: gidan wane an ba yara uku an bar ɗaya, gidan wance ba a ba su ko ɗaya ba. Ustaz Bashir ya ce mutanen ƙauye ne, sun bar yaron a gona ranar rajista, yanzu suna neman wanda za su ɗora wa. Ni kuma na ce na'ura ba ta mantuwa. Muka haɗu a kan haka, muka yi shiru. Saura kashi na biyu, na ƙarshe, wanda zai tafi ranar Alhamis. Daga shi an rufe.

Ranar Talata da hantsi na fito shan iska, domin wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya. Na ga mace zaune a ƙasa a gefen ƙofa, ta lulluɓa da mayafi mai ruwan ƙasa, ƙafafunta duk laka ta bushe a kai. A hannunta akwai takardu uku a cikin leda, ta riƙe su da hannu biyu. Direba ya ce tun safe take nan, daga Hillar Bawa, can ƙetaren kogi. Malam Haruna ya tafi kasuwa neman tawadar hatimi. Na yi mata magana da Larabci, ta amsa gaisuwa kawai. Sai na juya Hausa.

Fuskarta ta saki. Ta ce, “Ashe ke tamu ce, Ustaza.”

Na ce ta shigo. Ta zauna a bakin kujera kamar za a ce ta tashi. Ta ce sunanta Hauwa, 'ya'yanta huɗu.

“Duka munka zo da su ran da Malam ya zaka. Anka rubuta su gabana. Ga na ukun nan sun hito. Ɗaya ce ba ta hito ba, ita ko ce mai shiga madarasa bana. Na riga na ɗinka mata riga.”

Na jawo kwamfutar hannu, da sauran caji a cikinta. Na ce, “To, mene ne sunanta?”

Ta sunkuyar da kai.

Na sake tambaya. Ta gyara ledar da ke hannunta, ta kalli ƙofa kamar mai jiran wani ya shigo. Ni kuwa zafi ya dame ni, ga aiki a gabana. Na ce da ita, da Larabcina na ofis, yaya mutum zai ƙetare kogi ya zo neman takardar 'yarsa amma ya kasa faɗin sunanta? Har yau idan na tuna muryar da na yi maganar nan da ita sai in ji kunya ta rufe ni.

Ta ce a hankali, “Ita ce babbar.”

Ko a nan ban farga ba, ku ji irin nisan da na yi. Na ce to shi ke nan, bari in nema da sunanki. Na buɗe fayil ɗin kansa, ba ta cikin manhaja ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka fara aikin. Na nemo Hillar Bawa, na nemo Hauwa. Ga layuka uku cikakku, kowane ya miƙe har alamar Malam Haruna. A samansu kuma ga wani gajere: lamba, ƙauye, uba, uwa, shekara, sai “Uwani”, daga nan ya yanke. A ƙarƙashinsa wani ɗan guntun layi, kalma ɗaya da alamar magatakarda, ba uba, ba uwa, ba ƙauye.

Na ce, “Uwani ce?”

Ta ce, “Haka nike kiran ta.”

Ban san ta matso ba sai da na ji numfashinta a kafaɗata. Ashe ta yi karatun allo, tana gane baƙaƙe, fayil ɗin kuma da harufan Larabci yake. Ta miƙo yatsa, mai kaushin fartanya, ta ɗora a kan gilashin, daidai kan guntun layin nan. Safiya. Ba ta furta ba. Ta bar yatsan a wurin, ta daɗe, sannan ta ɗago ta dube ni.

“Mi ya sa ta ke nan ita kaɗai? Ga ƙannenta kowa da uwa tai da uba nai.”

 

Ana haka Malam Haruna ya shigo da kwalbar tawada. Ya gane ta, suka gaisa har da tambayar surukarta. Ni kuwa da na samu wanda zan sauke wa, na juya masa fuskar kwamfutar na ce, “Baba Haruna, wa ya ce ka riƙa danna Enter a cikin akwatin suna? Ka ga abin da ka yi? Ka raba layin biyu, Sinja ta zubar da shi!”

Ya sa tabarau, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Bai ɗaga murya ba, shi dama bai iya ba.

Ya ce, “Ɗiyata, in ɗan fari ne, uwa ba ta faɗin suna nai. Kin san wannan, ko kin sani dā. In na tambaya, sai ta ba ni wanda take kira. Ni ko in rubuta, don ta ga an ji ta. Sannan kaka ko maƙwabciya ta faɗi na yanka. To ina zan sa shi? In goge abin da uwa ta faɗa, tana tsaye tana kallo? Sai in sauka ƙasa in rubuta na yankan, in ce ke mai ilimi kya san yadda za ki yi da su. A takarda haka muke yi tun dā, ba wanda ya ɓata.”

Na koma kan fayil ɗin na gangara daga sama har ƙasa. Ko'ina ga su nan, gajeren layi da guntu a ƙarƙashinsa. Ta Inna, sai Khadija a ƙasa. Ɗan Baba, sai Usman. Mai Gado, Baƙo, Yalwa. Na ɗauko takardar ƙorafin da Ustaz Bashir ya jefa a aljihun tebur na gwada. Ɗaya bayan ɗaya suka dace. Gidajen da ba a ba su ko ɗaya ba, ɗa ɗaya ne gare su. Duk yaran da manhajata ta zubar 'ya'yan fari ne, kuma su ne manya, su ne waɗanda makaranta take jira a shekarar.

Ni ma 'yar fari ce. Sai a lokacin abin ya faɗo mini, ina zaune a gaban na'urar da nake taƙama da ita.

Na ce wa Hauwa ta matso ta gani. Na kai alamar rubutu gaban sunan, na danna maɓallin gogewa sau ɗaya. Harafin da ba a gani ya fita, sunan ya yi tsalle ya hau sama, ya zauna a layi ɗaya da sunanta. Ta ja numfashi ta ce, “Alhamdu lillahi.” Saura abu ɗaya: Sinja sunan yanka kawai take so, dole “Uwani” ya fita. Na ɗora yatsa a kan maɓallin, tana tsaye a kaina tana kallo. Wallahi hannuna ya ƙi. Na juya na dubi Malam Haruna, shi kuma ya cire tabarau yana gogewa da bakin rigarsa. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na buɗe wani sabon fayil, na kwafi lambar yarinyar da “Uwani” na ajiye a can tukuna, na nuna mata. Na ce, “Yaya Hauwa, wannan yana nan wurina, ba zai ɓata ba. Wancan ne zai tafi wurin hukuma.” Ta gyaɗa kai. Sannan na goge.

Na shiga wurin Ustaz Bashir na gaya masa komai, na ce kuskuren nawa ne. Ya dafe kai. Abin da ya fara faɗa shi ne a hana dattijon nan danna Enter, a kuma aika fayil yadda yake, kada Sinja ta ji an taɓa abin da aka riga aka aika. Na ce idan aka aika haka, sababbin da aka rubuta a makon nan ma za su zube, na baya kuma sun tafi ke nan.

Ya ce, “Ya Ustaza, mota ranar Alhamis za ta tashi da safe, ko da ke ko ba ke. Kin ga hadarin da ke haɗuwa? Ruwa ɗaya mai ƙarfi, hanyar nan ta mutu.”

Na ce ya ba ni yau da gobe, ya kuma sa hannu a wasiƙar da za ta bayyana wa Sinja cewa waɗannan an rubuta su cikin wa'adi, na'urarmu ce ta yanke su. Ya ce sunan wa za a sa a matsayin mai kuskure? Na ce nawa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in rubuto ya gani. Da na kawo, ya soke sunana ya rubuta “ofishinmu”, ya buga hatimi. Allah ya saka masa.

Sauran yinin da washegari duka muka yi su a tebur ɗaya da Malam Haruna. Ban yarda na'ura ta haɗa layukan da kanta ba, domin wani wurin na yankan ne a sama, laƙabin a ƙasa, idan kakar ta riga uwar magana. Shi ya san kowane gida. Ina karantawa yana cewa, “Wannan na yanka ne. Wannan uwa tai ce ta ba shi, don an haife shi ran da baƙi sunka zo.” Wani sunan sai ya tsaya ya ba ni labarin gidan kaf, ni kuma ina kallon agogo ina cizon leɓe, amma ban katse shi ba. Na riga na yi rashin kunyar da ta ishe ni a makon.

Sannan na koma kan manhajar, kuma a nan ma sai da na sake yin wauta. Cikin zafin rai na ce ba sauran harafin sauka ƙasa a fayil ɗina, na cire shi ko'ina. Na gwada da yara biyar na ƙarya. Da na buɗe, sai ga su duka a layi ɗaya, alamar magatakardan wannan ta manne da lambar wancan, layin ya miƙe ya fice daga fuskar kwamfuta. Malam Haruna ya leƙo ya ce, “To, yanzu kuma kin haɗa su duka uwa ɗaya uba ɗaya.” Ranar ce na fara jin dariyarsa sosai. Da na aika wannan, da Sinja ta zubar da ƙauye guda.

Gyaran gaskiya ƙarami ne, ko layi goma bai kai ba, kuma shi ne nake koya muku har yau. Kafin ka ƙara komai a fayil, ka wanke abin da mutum ya rubuta: duk wani sauka ƙasa da ke cikinsa, ko a gaba, ko a tsakiya, ko a baya, ka cire. Ka haɗa gurabenka ka ƙirga su. Ka leƙa ƙarshen fayil ka tabbata layin baya ya rufe. Sannan ka rubuta naka, ka rufe shi da sauka ƙasa guda ɗaya tak, wanda kai ka sa da saninka. Bayan ka ajiye, ka sa manhajar ta sake karanta abin da ta rubuta, idan gurbi bai cika ba ta yi ƙara a gaban mai aiki, tun mai abin yana tsaye. Na kuma ƙara wani akwati a saman na suna, na rubuta masa “sunan da ake kira a gida”. Abin da aka sa a ciki ba ya zuwa Sinja, yana tafiya wancan fayil ɗin da na buɗe wa Uwani. Ba wanda ya umarce ni, ba kuma wanda ya taɓa neman fayil ɗin. Amma daga ranar Malam Haruna ya samu inda zai sa maganar uwa.

Ranar Alhamis mota ta tashi da yayyafi. Direba ya ce sau biyu suna kafewa kafin su hau kwalta. Da yamma aka yi ruwan da ya rufe hanyar kwana da kwanaki, har na fara tunanin takardun ba za su dawo a kan lokaci ba. Sun dawo ana saura kwana uku a rufe rubuta yara a makaranta. Na roƙi Ustaz Bashir ya bar ni in bi Malam Haruna rabo, karo na farko da na taka ƙauyukan da nake ta ajiye sunayensu. Muka ƙetare a kwalekwale. A rumfar shehun Hillar Bawa Malam Haruna ya riƙa kiran suna da ƙarfi, kakanni da gwaggwanni suna amsawa, iyaye mata kuwa suna gefe suna kallon ƙasa kamar ba da su ake ba. Da ya kira Safiya, wata tsohuwa ta karɓa ta miƙa wa Hauwa. Ta sa ta cikin ledar nan, a saman sauran ukun. Yarinyar tana maƙale da zanenta, siririya mai wushirya, ta riga ta sa rigar makarantar tun ba a buɗe ba. Hauwa ba ta ko dube ta ba. Ta ce dai, “Uwani, gai da Ustaza.” Kafin mu tashi ta aiko mini da kuɓewa busasshiya a ƙullin tsumma.

Da aka yi hutu na tafi gida. Na tarar da innata a tsakar gida tana tankaɗe. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Yayarsu” take ce mini, wato yayar ƙannena. Da ina yarinya a birni, ina jin iyayen ƙawayena suna kiran su da suna, har da daɗa masa ado, na sha kuka a ɓoye, na ɗauka ni ce ba a so. Na girma na bar kukan, amma ban taɓa tambaya ba.

Na ba ta labarin Hauwa tun daga farko. Ba ta bar tankaɗen ba. Da na gama sai ta ce, “Ita ta yi sa'a, da tsohuwa kusa. Ni ran da anka zo rubuta 'yan madarasa, babanku yana gona, kakarku ta tahi biki. Malamin ya ce in ba a faɗi suna ba, zai wuce, an kusa tashi. Na aje ki wurin mai shayi, na tahi da gudu har ƙauyen gaba, ina da cikin ƙanenki wata takwas, na ɗauko wata gwaggonki da ke aure can ta zo ta faɗa.”

Na ce, “Inna, kalma ɗaya ce fa. Da kin faɗa a hankali, wa zai ji?”

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi maganar yara. Ta ce, “Ni zan ji.” Ta mayar da kanta kan rariya, ta ce, “Tashi ki ɗauko mini tasa, Yayarsu.”

Na tashi na shiga ɗaki, na daɗe ban fito da tasar ba.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, ku kuma ku riƙe. Na'ura ba ta mantuwa, gaskiya ne, amma abin da ka gaya mata kawai ta sani, kai kuma ba ka san komai ba sai ka je ka tsaya inda ake cika akwatin da ka zana. Mutanen da muke rubutawa suna da abin da suke faɗa, suna da wanda ba sa faɗa, kuma dukansu suna shigowa cikin fayil. Malam Haruna ya rasu shekaru kaɗan bayan ritayarsa, Allah ya jiƙansa. An canza manhajar sau uku tun daga lokacin, yanzu ma ba fayil ɗin rubutu ake amfani da shi ba. Amma duk wanda ya zo zai cire akwatin nan na sama, ya ce ba shi da amfani, sai ya biyo ta kaina tukuna. Wancan fayil ɗin kuwa yana nan a wurina. Layin farko Uwani ne. Na ƙarshe ni na ƙara shi da hannuna, ranar da na dawo daga hutun, ba lamba, ba ƙauye: Yayarsu.